Shafi na Arba'in da Ɗaya

3 ga Satumba, 2024

Baffa Dikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya ƙafar? Inna Maimunatu ta ce tsayuwar gadi ce ke kumbura ta. Allah ya sawwaƙe. Yara suna gaishe ka, babansu ma haka. Na san ba ka sauraren saƙon murya, shi ya sa na rubuta da hannu na ɗauki hoto, yadda kake so.

Baffa, Gwamna ya aika wa Majalisar Dokoki sunan Mai Shari'a Ɗalhatu don ta tabbatar da shi Babban Jojin Jiha. A rediyo na ji ina tace shinkafa, sai da rabinta ya zube ƙasa.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka, don shekara goma sha huɗu ke nan ba wanda ya furta maganar a danginmu. Kai ka samo mini aikin buga takardu a ofishinsa, lokacin kana magatakardan Babbar Kotu. Ka ce masa, "Jikar wan mahaifina ce, ga amana." A watana na bakwai a aikin, Ɗalhatu ya murza makullin ofis ya zare, ya sa mini hannu. Ba don masinja ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, ban san inda abin zai tsaya ba. Washegari na rubuta koke na kawo maka, ka buga hatimi a gabana. Abin da ya biyo baya shi ne aka tura ni ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, har na gaji na ajiye aikin. Kwafin da ke hannuna kuwa Baba ya ƙona shi, ya ce ba a aurar da yarinya da irin wannan takarda a gida.

Makon jiya na rubuta sabon koke na kai wa Honarabul Sagiru, shugaban kwamitin shari'a na Majalisa. Da hannun hagu ya karɓa, yana amsa waya. Ya ce, "Hajiya, shekara goma sha huɗu kina ina? Ko sai da kika jiyo ƙamshin miya?" Mutanen ofishinsa suka yi dariya. Ya ce muddin babu shaidar na kai ƙara a lokacin, takardata ba za ta wuce teburinsa ba.

Ranar 8 ga Oktoba za su kaɗa ƙuri'a. Ni ba ɗauri nake nema wa kowa ba. So nake a saurare ni kafin a danƙa masa kotunan jihar nan kaf, da duk 'yan matan da ke buga takardu a cikinsu. Kai ka karɓi takardar farko. Za ka yi magana?

'Yarka,
Rahmatu

Bin Omran, Doha
6 ga Satumba

Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, rubutunki bai lalace ba. Ƙafa da sauƙi. Reuben, mai gyaran na'urar sanyi a ginin da nake gadi, ya samo mini wata safa mai matsewa, ta taimaka. Ki gaida maigidan da yaran.

Zafi bai sauka ba tukuna. Mu shida a ɗaki, motar kamfani ƙarfe biyar da rabi na safe. Ni da digirina na shari'a ina buɗe wa mutane ƙofa a Al Mirqab ina musu barka da zuwa, wanda ya sa aka yi mini ritayar dole kuma zai zama Babban Joji. Ban yi mamaki ba. Da wani mutumin kirki aka zaɓa, shi ne zan yi mamaki.

Alƙalai uku na raka tantancewa ina riƙe musu jaka, saboda haka bari in gaya miki abin da ke gabanki. Za a karanto karatunsa tun daga firamare. Ɗan majalisar garinsu ya miƙe ya ce tare suka yi kiwon tumaki. Wani ya ce mutum irin wannan ba a wahalar da shi da tambayoyi. Sai Kakakin Majalisa ya ce ya rusuna ya wuce. Na taɓa duba agogo, minti tara aka yi, har da addu'a. In kuwa akwai koke daga mace, sai a ce maganar mutunci ce, a fitar da 'yan jarida, a rufe ƙofa. A ciki ita za a tantance, ba shi ba. Kafin ranar an turo dattawa gidan mijinta da goro.

Kin yi kuskure da kika kai wa Sagiru hannu da hannu. Takardar da aka ba ɗan majalisa a ofis tasa ce, in ya ga dama ya shimfiɗa ta ya ci tsire. A ƙa'idarsu sai wani ɗan majalisa ya miƙe a zaure, ya ajiye koken a kan tebur, akawu ya shigar da shi. Daga nan ba mai iya cewa bai gani ba. Ki nemi wanda ba su ba shi komai ba, don ba su da abin ƙwace masa. Na ji mace ɗaya ce a zauren, Liatu Absalom, kuma kwamitin furannin harabar Majalisa kawai suka ba ta. Ki je wurinta.

Ban ce za ki ci nasara ba. Ban taɓa ganin an ci ba.

Abu na ƙarshe, ki riƙe shi da kyau. Kada ki ambaci sunana, ko ga Liatu, ko ga lauya, ko ga mijinki. Kada ma ki ce akwai wanda ya buga hatimi.

Baffanki,
Dikko

19 ga Satumba

Baffa,

Salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Sau uku na karanta layinka na ƙarshe. Na gane. Wanda bai yi magana yana da ofis da hatimi ba, ba yanzu zai yi ba. Ban ambaci sunanka ba, ba kuma zan ambata ba. Ka kwantar da hankalinka, kafil ɗinka, ubangidan da ya ɗauke ka aiki a can, ba zai ji komai ba.

Shawararka dai na bi, ba zan hana ka ladanta ba. Honarabul Liatu ta karɓe ni a kicin ɗinta tana soya doya. Ranar zama ta ɗaga hannu, Kakaki ya yi ta kallon silin kamar yana neman inda yake yoyo. Ta miƙe tsaye ta ƙi zama, har kunya ta sa ya ba ta dama. Ta ajiye koken, akawu ya shigar.

Dattawan ma sun zo, su huɗu. Maigidana ya dafa musu shayi, ya saurare su har suka ƙare, ya raka su mota ya sa musu goronsu a but.

Shekaranjiya kwamiti ya kira ni, ƙofa a rufe. Ɗaya ya tambayi irin mayafin da na yafa ran nan. Ɗaya ya ce, "Mijinki ya san kina nan kuwa?" Wani gyaɗa yake ta ci yana hura ɓawon. Sagiru ya ce, "Mu nan duk muna da 'ya'ya mata, ba za mu zalunce ki ba," sannan ya katse ni sau shida. Ni an rantsar da ni. Da Mai Shari'a ya shigo, miƙewa suka yi, ba wanda ya kawo masa Alƙur'ani. Ya dube ni kamar tsohuwar kujera, ya ce da ƙyar ya tuna ni, wata malalaciyar yarinya ce mai fashin aiki, shi ya sa aka canja mata wuri. Ya ce, "Fayil ɗinta yana nan a kotu, duk wanda ya duba zai gani."

Liatu ta matsa sai an yi zama ɗaya a fili, gaban 'yan jarida, ranar Laraba 2 ga Oktoba. Sun yarda da sauri, don sun san hannuna babu komai. Zan je in tsaya haka nan.

In ba ka sake ganin takardata ba, lafiya ce.

Rahmatu

Bin Omran
27 ga Satumba

Rahmatu,

Ina gaishe ki, ko da ba ki son amsawa. Lafiyata ƙalau. Kwana takwas ina rubuta wannan takarda ina yagawa, har abokan ɗakina suka fara tambaya ko saki nake rubutawa.

Kin ɗauka tsoron kafil ne. Kafil bai san akwai wata jiha mai Babban Joji ba. Dalili biyu ne, na farko dabara, na biyu kunya. Bari in fara da kunyar.

A aikinmu, duk takardar da ta shiga fayil, magatakarda zai ba ta lamba da jan biro a kusurwar sama. Kokenki shi ne shafi na 41 a fayil ɗinki. Babban Joji na lokacin yana jinya a waje, Ɗalhatu ke riƙe da harkar ma'aikata, saboda haka fayil ɗin gabansa zai je. Na san da haka, na kuma tura. A shafi na 42 na rubuta, "Ranka ya daɗe, a duba koken da ke shafi na 41." Shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin takarda bai sa mata koren alƙalaminsa ba. A ƙarƙashin rubutuna ya rubuta, "Na gani. A ciro a kawo mini da hannu." Ya sa hannu da kwanan wata.

Ni na kwance igiyar fayil, na ciro kokenki, na kai masa. Ba wanda ya danne ni. Ina hangen kujerar babban magatakarda ne a lokacin. Ya ce in sake rubuta shafi na 42, in gyara lambobin duka. Washegari na ce masa an yi. Ban yi ba. Kada ki ɗauka jarunta ce. Tsohon da ya koya mini aiki yakan bugi yatsunmu da rula in ya ga an goge lamba, sai hannuna ya ƙi. Ciro kokenki kuwa bai ƙi ba. Ki ga irin mutumin da ubanki ya ba amanarki. Kujerar ma ban samu ba, bayan shekara biyu ya kawar da ni, don ba a son ganin wanda ya san sirri kullum a baranda.

Yanzu dabarar. Ranar da Ɗalhatu ya ji sunan Dikko, zai tuna fayil, kafin gari ya waye gara ta cinye shi ko ruwan sama ya tafi da shi. Amma tunda har shi da bakinsa yake cewa a duba, to ya yarda na gyara. Ki ce wa Liatu ranar Laraba kada ta yi masa gardama. Ta miƙe ta ce ita ma ta fara shakkarki, a kawo fayil ɗin kowa ya ga lalacinki. Mai sandar Majalisa ya tafi kotu nan take, ba gobe ba. In an kawo, kada kowa ya taɓa sai akawu, ya karanto lambobin shafi da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan a kira ni. Ƙarfe sha ɗayanku ƙarfe ɗaya ne a nan, lokacin hutun cin abincina. Wayar Reuben tana da hoto mai kyau. Zan faɗi abin da na rubuta miki, da sunana da na ubana.

Dikko

28 ga Satumba

Baffa,

Na karanta. Jiya ban iya cin abinci ba. Shekara goma sha huɗu ina ba ka uzuri, ina cewa fin ƙarfinka aka yi. Wannan maganar za mu yi ta wata rana, ba yanzu ba.

Liatu ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya maka ta yi wasan kwaikwayo a sakandare. Ta ce ka kasance da alwala, za su rantsar da kai.

Rahmatu

8 ga Oktoba

Baffa Dikko,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ƙafa kuma ta bar ka ka yi barci. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Na ƙi rubutowa ne sai an yi ƙuri'a, don kada in yi guɗa kafin a ga jariri.

Bari in ba ka abin da ba ka gani ba ranar Laraba. Liatu ta miƙe fuska a murtuke, ta ce ta yi nadamar ɗauko maganata, a kawo fayil a tona mini asiri kowa ya huta. Sagiru ya buga tebur yana dariya, ya ce, "Yau dai Liatu ta dawo hanya. Ina mai sanda? Maza kotu." Mai Shari'a har gyaɗa kai yake yi. Minti arba'in muka jira. Ni kuwa ina ta tunanin in fa wani ya riga ya gyara bayan tafiyarka?

Aka kawo fayil ɗin duk ƙura. Liatu ta ce don kada a ce ta ƙara ko ta rage, akawu ya karanto lambobin. Ya fara yana hamma. Talatin da tara, arba'in. Ya lashi yatsa ya juya, ya koma baya, ya sake juyawa. Ya ce, "Arba'in da biyu." Liatu ta ce, "Malam akawu, a makarantarmu ta ƙauye akwai wata lamba a tsakani." Sannan ta sa shi ya karanta abin da ke shafin, naka da na koren alƙalami. Mai gyaɗar nan ya tsaya da tauna.

Abin da ka faɗa ka sani. Abin da ba ka sani ba, a babban allo aka sa ka, da rigar gadinka da hular, wasu bututu a bayanka. Da Sagiru ya ce, "Yanzu mai gadi ne zai ba Majalisa shaida?" ka ce, "A makare na koyi gadin, ranka ya daɗe. Da na iya shi tun ina magatakarda, da ba mu zo nan ba." Matan da ke sama a wurin 'yan kallo suka ɗauki tafi, Kakaki ya yi ta buga guduma ba mai ji.

Bayan layinka ya yanke, Liatu ta ɗauki fayil ɗin da kanta ta kai gaban Mai Shari'a. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ce da ƙyar ka tuna ta. Wannan sa hannun fa, ka tuna shi?" Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya nemi ruwa. Ya ce sai ya ga lauyansa. Wani ɗan jarida daga baya ya ce, "Alƙali na neman lauya." Aka fitar da ɗan jaridar, amma an riga an ji.

Sannan aka ba ni dama. Minti ashirin na yi, ƙofa a buɗe, ba wanda ya katse ni, ba wanda ya tambayi mayafi.

Yau aka yi ƙuri'a. Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, aka ji 'yan muryoyi. Masu ƙi su ce a'a, zaure ya amsa. Ya ɗaga guduma ya ce masu e sun yi rinjaye. Liatu ta ce ba ta yarda ba, kowa ya miƙe a ƙirga shi da sunansa. Ga kyamara a kansu, ga matan mazaɓunsu a sama. Goma sha biyar suka ƙi, takwas suka yarda. Sagiru ya fita kama ruwa, bai dawo ba sai da aka tashi. An mayar wa Gwamna sunan.

Tun la'asar mata biyu suka kira ni. Ɗaya har yanzu tana aiki a kotun. Da farko kuka kawai take yi, sannan ta tambaye ni yadda ake rubuta koke.

'Yarka,
Rahmatu

Bin Omran
9 ga Oktoba

Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Ina lafiya, ƙafar ma yau ban tuna da ita ba sai da kika tambaya. Ki gaida maigidanki gaisuwa ta musamman, mutumin da ya mayar da goro ya cancanta.

Bututun da kika gani na ɗakin injin sanyi ne, nan kaɗai babu mai shigowa. A kan bokitin fenti Reuben ya jingina wayar. Ina tsakiyar magana manajanmu ya zo yana bugun ƙofa, "Yalla, Dikko, yalla," wato in fito maza. Reuben ya leƙa ya ce masa iskar gas ke fita, kowa ya ja baya. Mutumin ya ruga har bakin titi. Da na ce wa Reuben ya yi ƙarya saboda ni, sai ya ce ranar Lahadi zai gaya wa Fasto, shi da shi ne. Layin ba yankewa ya yi ba, ni na kashe, don na ji kukan da ba na son a gani yana taso mini.

Kada ki ɗauka goma sha biyar ɗin nan waliyyai ne. Rabinsu kyamara suka ji tsoro, da a rufe aka yi da sun ba shi har da addu'a. Gwamna kuma zai aiko wani, wataƙila ba gwara ba. Na san su. Amma na ce miki ban taɓa ganin an ci ba, yau ga shi na gani, a shekara sittin da ɗaya. Wanda za a miƙa wa kotunan jiha ya koma gida da jakarsa, saboda mai buga takardu ta ƙi yin shiru. Ina ta maimaita wannan a raina tun safe kamar wanda ya haddace sabuwar sura.

Matan nan biyu, kada su kai wa kowa a ofis. Su rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ba ado, su yi rantsuwa a kai, su ajiye kwafi a gidaje daban-daban. In suna so su turo mini in duba musu. Na san duk hanyoyin da ake ɓatar da takarda, tunda na bi su.

Maganar da kika ce za mu yi wata rana, ina nan. Ban roƙe ki komai ba, ba ni da bakin roƙo.

A bakin ƙofa na karanta takardarki, ina kan aiki. Ashe dariya nake yi ni kaɗai. Wani tsoho da ke hawa na shida, wanda shekara uku ina buɗe masa ƙofa bai taɓa ganin haƙorana ba, ya tsaya ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini a gida. Na ce masa a'a, wata mata ce a ƙasarmu aka bari ta gama maganarta.

Baffanki,
Dikko